Tarihin Bishiyar Mala'iku da Hidimar 'Ya'yan Fursunoni a Amurka

Duk sa'ad da alƙali ya yanke wa mutum hukuncin ɗauri, hankalin jama'a yakan tsaya ne ga mai laifi da wanda aka zalunta, alhali kuwa akwai waɗansu bayin Allah da hukuncin ke faɗa wa ba tare da an ambaci sunansu a gaban shari'a ba, watau 'ya'yan da aka bari a gida. A Amurka, wani bincike da cibiyar Pew ta fitar a 2010 ya nuna cewa yara miliyan 2.7 ne ke da uba ko uwa a kurkuku, ɗaya cikin kowane 28, a cikin 'ya'yan baƙar fata kuwa ɗaya cikin 9.

Ƙungiyar Kirista da ta fi shahara wajen hidimar waɗannan yara, asalinta daga wani babban bafade ne da ƙaddara ta kayar. Charles Colson yana cikin mashawartan Shugaba Richard Nixon na kusa, har abin kunyar nan na Watergate ya rutsa da shi. Ya tuba ya kama addininsa na Kirista da gaske a 1973, ya amsa laifin yi wa shari'a zagon ƙasa a 1974, ya yi wata bakwai a kurkukun Maxwell na jihar Alabama. Da ya fito bai manta da abokan zamansa ba, sai ya kafa ƙungiyar Prison Fellowship a 1976 domin wa'azi da ziyara a gidajen yari.

Amma wadda ta juyo da fuskar ƙungiyar wajen yara wata mace ce, Mary Kay Beard, wadda a ƙuruciyarta ta gwanance da fasa akwatunan ajiyar kuɗi da fashi a bankuna, har aka kama ta a 1972, aka yanke mata shekara 21, ko da yake ba ta cika su ba aka sake ta. A kurkukun mata na Julia Tutwiler, can a Alabama, ta lura da wani al'amari da ya zauna mata a zuciya: in Kirsimeti ya gabato, mutanen coci sukan kawo wa fursunoni sabulu da man goge baki da makamantansu, matan nan kuwa, duk da tsananin bukatarsu, ba sa taɓa kayan, sai su adana su, su naɗe, ranar ziyara su miƙa wa 'ya'yansu a matsayin goron biki, yaran kuma su karɓa da murna kamar an ba su zinariya, domin daga hannun uwa abin ya fito. Da ta zama shugabar reshen ƙungiyar na Alabama a 1982, sai ta nemi sunayen 'ya'yan fursunoni, aka yanka takardu da siffar mala'iku, aka rubuta sunan kowane yaro da abin da yake so, aka rataya a bishiyar Kirsimeti a manyan kantuna, duk mai niyya ya ciri ɗaya ya sayi kyautar. A shekarar farko yara 556 suka samu. Daga nan shirin ya sami sunansa Angel Tree, watau Bishiyar Mala'iku, ya bazu ko'ina cikin jihohin ƙasar.

A ganina hikimar shirin tana cikin sharaɗi guda: ɗaurarre ne ke rubuta sunan ɗansa, kyautar kuma da sunansa ake kai ta, tare da ɗan saƙo daga gare shi, mai sayen kayan ya koma gefe. Lalle sadakar da ke ɗaga darajar uba a idon ɗansa, ta kuma raya zumuncin da katanga ta nemi yankewa, ta fi wadda mai bayarwa ke tsayawa a gaba domin a gode masa.

Sai dai rana ɗaya a shekara ba ta isa tarbiyya ba, kuma masu aikin sun gane haka. Saboda haka ƙungiyar ta shiga biya wa yara kuɗin zuwa sansanonin Kirista na hutun bazara, inda yaro kan yi kamar mako guda yana iyo, yana tuƙa kwalekwale, yana karatun Littafi Mai Tsarki, gama ba su ɓoye cewa bishara tana cikin muradinsu ba. Babbar fa'idar wurin ita ce, yaron da ya saba ɓoye inda ubansa yake don gudun gorin 'yan makaranta yakan tarar da tsararrakinsa masu irin wannan jarrabawa, kunyar ta sauka, bakinsa ya buɗe.

Mataki mafi wuya shi ne samun babba mai amana da zai riƙa bibiyar yaro bayan an watse daga sansani. A nan wani shiri dabam mai suna Amachi ya yi fice a birnin Filadelfiya tun farkon shekarun 2000, ƙarƙashin jagorancin Wilson Goode, tsohon magajin garin, wanda shi kansa an ɗaure mahaifinsa yana yaro. Ya bi gidajen yari yana karɓar sunayen yara daga bakin iyayensu, ya bi coci-coci yana neman masu sa kai, ƙungiyar Big Brothers Big Sisters kuma ta ɗauki nauyin tantance su da haɗa kowane da yaronsa, bisa alkawarin aƙalla sa'a guda a mako har shekara, domin yaron da rabuwa ta riga ta ƙona, in mai kula da shi ya ɓace bayan wata biyu, an ƙara masa ciwo ne. A 2003 Shugaba George W. Bush ya nemi majalisa ta ware kuɗi domin irin wannan aiki, gwamnatin tarayya ta tallafa na 'yan shekaru, sa'an nan tallafin ya yanke a 2011, nauyin ya koma wuyan coci-coci da masu bayar da gudummawa.

Colson ya rasu a 2012, Mary Kay Beard ta bi shi a 2016. Kafin nan reshen Prison Fellowship na duniya, wanda aka kafa a 1979, ya riga ya isa ƙasashe fiye da 100, har da Nijeriya.