BABI NA UKU: TARIHIN DUBAWA DA GYARAN MAGUDANUN GIDAJE A TUDUN WADAR GUSAU

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin yadda ake fitar da ruwan ƙazanta daga gidajen unguwar Tudun Wada ta garin Gusau, da kuma wanda alhakin dubawa da gyara ya rataya a wuyansa a kowane zamani. Za a riƙa waiwayen Tsafe da Bunguɗu inda kwatanci zai yi amfani. Abin da ake nufi da magudanar gida a nan shi ne duk hanyar da ruwan wanka da na wanke-wanke da na masai ke bi, tun daga makewayi har zuwa inda ya ƙare, ko a rami ko a kwata. Wajibi ne a faɗi tun da fari cewa Gusau ba ta taɓa samun babban bututun ƙarƙashin ƙasa wanda ke tattara ƙazantar gidajen gari gaba ɗaya ba, irin wanda aka shimfiɗa wa birnin Landan bayan shekarar 1858, ko wanda aka yi wa tsakiyar Abuja. Don haka tarihin da ke tafe tarihi ne na kowane gida da nasa rami.

3.1 Kafin Zuwan Turawa

An kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, zamanin jihadi, a ƙarƙashin Malam Sambo Ɗan Ashafa. Gidan Bahaushe na wancan lokaci bai buƙatar bututu. Ana haƙa shadda mai zurfi a kusurwar gida, a rufe bakinta da itace da ƙasa, a bar ƙaramar kafa. In ta cika sai a binne ta a haƙa wata, domin fili yana da yawa. Ruwan wanka kuwa ba shi da yawan da zai zama matsala, tunda da tulu ake ɗauko shi daga rijiya ko gulbi, wanda kuma ya sha wahalar ɗauko ruwa ba ya zubar da shi barkatai. Ɗan abin da ya rage yakan fita ta wuriya, wato kafar da ake bari a gindin katanga, ya tsotse a ƙasa. Da damina indararo ya zubo ruwan soro, ya bi lungu ya faɗa kududdufin da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa.

Rigimar da kan tashi ita ce ta wanda ya juya wuriyarsa ko indararonsa zuwa katangar maƙwabci, ruwa ya ci gindinta. Mai unguwa ke sasanta irin wannan, in ta gagara a je gaban alƙali, wanda ke hukunci da ƙa'idar fiƙihu ta hana cutar da maƙwabci. Ke nan ba a duba magudana sai wani ya kawo ƙara.

3.2 Jirgin Ƙasa, Tudun Wada da Duba-Gari

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, aka sa Gusau cikin Lardin Sakkwato. Abin da ya sauya fuskar garin shi ne layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Cinikin auduga da gyaɗa ya jawo kamfanoni da leburori da 'yan koli. Kamar yadda aka yi a Zariya da Kano, aka ware wa baƙi matsuguni a wajen tsohon gari: Sabon Gari ya tara mafi yawan mutanen Kudu, Tudun Wada kuma ta tara 'yan Arewa waɗanda ba 'yan asalin gari ba. Wannan asali yana da muhimmanci ga batun magudana. Fulotan da aka yanka suna da iyaka, ba a faɗaɗa su, sannan gidajen haya sun yawaita, inda iyalai da dama ke amfani da makewayi guda. Tsohuwar dabarar binne shadda a haƙa wata ta fara ƙarewa a irin waɗannan gidaje, sai dai a kira masu kwasa su yashe ramin, a kai takin gona.

Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar kiwon lafiyar jama'a da dokar tsarin birane a 1917. Sai dai babbar damuwar Turawa ita ce lafiyar kansu, musamman tsoron sauro da zazzaɓin shawara, shi ya sa tsarinsu ya tanadi a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwarsu da gidajen 'yan ƙasa. Ba su kashe kuɗi wajen shimfiɗa wa talakawa bututu ba. Abin da suka ba talakawa shi ne ma'aikacin dubawa. An buɗe makarantar koyon aikin tsabta a Kano a 1932, wadda ta riƙa horar da ma'aikata ga En'e-En'en Arewa, jama'a kuma suka raɗa musu suna duba-gari.

Aikin duba-gari ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne karo na farko da hukuma ta shiga cikin gida ba tare da an kai ƙara ba. Yakan leƙa randa ya ga ko akwai tsutsar sauro, ya duba ko bakin masai yana da murfi, ya bi wuriya ya ga inda ruwanta ke kwanciya. Wanda aka samu da laifi a ba shi wa'adi, in ya ƙi a kai shi gaban alƙali a ci shi tara. Ƙarfinsa ba daga kakinsa ya fito ba, daga sarauta ya fito, domin bayansa akwai mai unguwa da hakimi da ɗan doka. An ƙi jininsa ƙwarai, musamman a gidajen kulle, inda shigar baƙon namiji abin kunya ne ga mai gida, kuma ba a rasa waɗanda suka mai da aikin hanyar karɓar na goro ba. Duk da haka tsarin yana da wata fa'ida da ba a lura da ita ba sai da ta ɓace: duk abin da ake dubawa a fili yake. Kwatar gida a buɗe take, in ta toshe kowa ya gani, tsintsiya da shebur sun isa gyara.

3.3 Shigowar Bututu da Sokawe

Daga 1967 Gusau ta kasance a Jihar Arewa maso Yamma, daga 1976 kuma a Jihar Sakkwato. A tsakanin nan ne arzikin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka sa ma'aikata da 'yan kasuwa suka koma ginin bulo da siminti. Ruwan famfo ya shiga gidaje da yawa, masai irin na Turawa ya biyo baya. Shi kuwa wannan masai ba ya aiki sai da ruwa mai yawa, ruwan kuma dole a sama masa hanya. Daga nan aka fara binne bututu mai faɗin inci 4 daga makewayi zuwa tankin siminti, inda kauri ke kwantawa, ruwan sama-sama ya zarce zuwa ramin da ake kira sokawe ya tsotse a ƙasa. Da fari bututun ƙarfe da na asbestos ake sawa, daga baya na roba ya kore su saboda arha da sauƙin yankawa.

A daidai lokacin da magudana ta nutse ƙarƙashin ƙasa, sai mai duba ta ya raunana. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen tsarin En'e, tsarin mulkin 1979 kuma ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da magudanu da zubar da shara da ƙazanta, na 1999 ma ya maimaita haka. A takarda aikin yana da mai shi. A zahiri duba-gari ya zama ma'aikacin sashen lafiya wanda ba shi da abin hawa, ba shi kuma da hakimi a bayansa kamar da. Ko da ya shiga gida, idonsa ba ya ganin bututun da ke ƙarƙashin daɓe.

Gwamnatin Janar Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, a 1985 ta ƙara masa babin tsabtace muhalli, inda aka riƙa hana zirga-zirga da safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata domin a yashe kwatoci. Lambatun bakin titi ya amfana. Amma abin bai wuce ƙofar gida ba, kuma sau da yawa dagwalon da aka kwashe akan tara shi a bakin kwata, ruwan sama na farko ya mai da shi inda ya fito.

3.4 Yadda Bututu ke Lalacewa da Yadda Ake Gyara Shi

Masana aikin famfo sun ƙayyade cewa bututu mai inci 4 yana son gangare na kimanin ƙafa 1 a cikin kowace ƙafa 40, a kuma gina ɗan akwatin dubawa mai murfi a duk inda ya karya kwana. A gidaje da yawa birkila ne ke shimfiɗa bututun da ƙiyasin ido, akwatin dubawa kuma a ga kamar ɓarnar siminti ne. Idan gangare ya gaza, kauri ya kwanta a hanya. Idan bututun roba ya yi kusa da saman ƙasa, mota ko amalanke ya fasa shi. Itacen dogon yaro, wanda aka shigo da shi Barno a 1928 ya bazu ko'ina a Arewa saboda inuwa, saiwarsa kan bi danshi ta shiga mahaɗar bututu ta cika shi. Tun daga shekarun 1990 kuma ledar ruwa ta zama babbar mai toshe magudana, ciki da waje.

Akwai wani sanadi da ya keɓanta da irin zaman unguwa kamar Tudun Wada, wato rabon gado. Gidan da aka gina wa mutum ɗaya da sokawe ɗaya, in ya rasu a raba shi gida uku ko huɗu, a ja katanga. Bututun wani sai ya zama yana bi ta ƙarƙashin ɗakin ɗan'uwansa, ko na wanda ya sayi kason. Ranar da ya toshe, wanda ƙazanta ta dawo wa ba shi da ikon fasa daɓen, wanda ke da daɓen kuma babu abin da ya dame shi. Mafita mafi sauƙi ita ce a huda katanga a saki ruwan a lungu, wato a koma wuriya, amma da ruwan da ya ninka na kakanni sau da yawa.

Gyara yana bin mataki-mataki gwargwadon ƙarfin aljihu. Da fari a zura doguwar waya ko sandar ƙarfe. In bai buɗe ba a bi danshi da wari a fasa daɓe, a yanke inda ya lalace a haɗa sabon guntu da gam. Sauya layi gaba ɗaya sai an rasa yadda za a yi. A ƙasashen Turai akan tura kyamara cikin bututu a ga wurin da ya fashe kafin a taɓa ƙasa, a nan kuwa diga ce ke bincike. Idan tanki ne ya cika, mai hali ya kira motar zuƙa, marar hali ya kira masu kwasa da bokiti, waɗanda kan yi aikin da dare. Wannan aiki yana da haɗari na gaske, domin iskar da ke taruwa a rufaffen rami tana iya kashe mutum kafin a jawo shi, ga shi kuma al'umma na ƙyamar masu yin sa alhali ba ta iya zama ba tare da su ba.

3.5 Bayan 1996

Ranar 1 ga Oktoba 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birni. Ma'aikata suka kwararo, kuɗin haya ya tashi, masu gidaje suka cike tsakar gida da ɗakuna, wani lokaci har a kan sokawe. Daga baya rashin tsaro a ƙauyuka ya ƙaro wasu dubban mutane cikin gari. A Tsafe da Bunguɗu, inda fili ya fi yalwa, shaddar gargajiya ta fi daɗewa, matsalar bututu ba ta kai ta Gusau ba, ko da yake cikin garuruwan biyu ma sun bi sahu.

Inda abin ya fi muni shi ne ƙarƙashin ƙasa. Yankin nan uku yana zaune ne a kan dutse, kamar yadda duwatsun Kwatarkwashi da na Tsafe ke nunawa, ruwan rijiya kuma yana taruwa ne a ƙasar da ke saman dutsen, wadda ba ta da kauri sosai. Ramin sokawe da rijiyar gida duk a wannan shimfiɗa guda suke. Ma'aunin da ma'aikatan lafiya suka fi amfani da shi shi ne a bar mita 30 tsakanin rami da rijiya, fulotin gida kuwa sau da yawa tsawonsa gaba ɗaya bai wuce haka ba, kuma ba wanda ke tambayar inda maƙwabci ya haƙa nasa. A watan Agusta, lokacin da ruwan ƙasa ke tasowa, fasasshen bututu da cikakken rami suna iya kai ƙazanta rijiya ba tare da launin ruwan ya sauya ba.

Cutar amai da gudawa ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970. A 1991 ta kama mutum kimanin 59,000 a ƙasar, ta kashe fiye da 7,600. A 2021 an ƙidaya fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,600 suka rasu, Zamfara kuma tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ba daidai ba ne a ɗora wannan duka a kan magudanun gidaje, domin bahaya a fili da ƙarancin ruwan famfo suna da nasu kaso. Amma matakan da hukuma ta ɗauka sun fi karkata ga samar da masai. A 2002 an kafa majalisar rajistar jami'an lafiyar muhalli, wato jikokin duba-gari, a 2019 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu a kan umarnin kawo ƙarshen bahaya a fili. Umarnin ya matsa a kan kowa ya sami makewayi. Bututun da ke fita daga makewayin, da ramin da yake zuba a ciki, da nisansa da rijiyar maƙwabci, waɗannan an bar su ga mai gida da birkilansa.