Zoben da ya kashe kukan giya, da man da ke dawo da shi

Kafin 1928, sai direba ya taka kuloci sau biyu yake sa giya, in ba haka ba haƙoran su gurji juna. A shekarar Cadillac ta fito da sinkromesh, ƙirƙirar Earl Thompson. A 1952 motar gudu Porsche 356 ta zo da nata salon. Dabarar dai zobe ce da ke daidaita gudun haƙoran ta hanyar gogayya. To, a nan gizo ke saƙar: in man giya ya cika santsi, zoben ba zai kama ba. Shi ya sa GL-5 kan jawo ƙara a akwatin giyar da ke buƙatar GL-4. Girman lamba ba inganci ba ne. Duba littafin motarka kafin juyen mai.