Zoɓo: Sinadarin da ke cikin furen yakuwa da tasirinsa ga hawan jini

Zoɓo shi ne jan kofaton da ke kewaye da furen yakuwa, wanda ake nomawa da yawa a jihohin Jigawa da Kano. Jan launinsa ya samo asali ne daga sinadarin antosayanin, mai taimakawa wajen kare ƙwayoyin halittar jiki daga lalacewa.

Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane sun nuna cewa shan zoɓo a kai a kai yana iya sassauta hawan jini kaɗan. Sai dai ba ya maye gurbin maganin asibiti. Masu shan maganin hawan jini da masu juna biyu su nemi shawarar likita tukuna, masu ciwon suga kuma su guji zuba masa sukari.