Bip Ɗin Tsakar Dare Yana Da Tarihi

Kwanakin baya wani uban ɗalibi ya tare ni a bakin makaranta a nan Matameye, ya miƙo mini wayarsa. "Malam, duba mini wannan lamba. Ƙarfe biyun dare ta yi mini bip, da na bi kiran sai kuɗin da ke cikin wayar suka ƙare ƙaf." Lambar ƙasar waje ce. Na ce masa ba mutum ne ya kira shi ba, na'ura ce, kuma irin aikinta ya girmi zuwan salula ƙasar nan.

Kafin intanet ta yaɗu, kwamfutoci suna magana da juna ne ta layin tarho, ta wani ɗan akwati da ake kira modem. Duk wanda ya san lambar layin zai iya kira, kwamfuta ta amsa masa da wani irin ƙara. Wanda bai san lambar ba kuma sai ya sa kwamfutarsa ta bi lambobin gari ɗaya bayan ɗaya, tana rubuta waɗanda na'ura ta amsa.

Duniya ta san wannan dabara a 1983, da fitowar fim ɗin WarGames a Amurka. A cikinsa wani ɗan sakandare mai neman wasannin kwamfuta ya bi lambobin garin Sunnyvale, ya faɗa cikin kwamfutar sojoji. Shugaba Ronald Reagan ya kalli fim ɗin, ya tambayi Janar John Vessey ko hakan na iya faruwa, aka dawo masa da amsar cewa matsalar ta fi yadda yake zato. A shekarar ne kuma aka gano wasu samari a Milwaukee, da ake kira 414s, sun kutsa cikin kwamfutocin cibiyar bincike ta Los Alamos. A 1986 Amurka ta kafa doka mai tsauri kan kutse.

Manhajojin farko, irin su ToneLoc da THC-Scan, daga hannun masu kutse suka fito. Daga baya kamfanoni suka gane cewa gara su riga ɓarawo duba ƙofofinsu, domin ma'aikaci kan jona modem a ofis ba da sanin kowa ba don ya yi aiki daga gida. A 1998 kamfanin Sandstorm Enterprises ya fitar da PhoneSweep saboda wannan aikin gadi. A nan saiti biyu suka zama ginshiƙi: tsawon jira da lokacin kira.

Tsawon jira lissafi ne da ɗan firamare zai iya yi. A ce ma'aikata tana da lambobi 10,000. In aka ba kowane kira daƙiƙa 60, modem ɗaya zai kwashe awa 167, wato kusan mako guda ba hutu. In aka rage zuwa daƙiƙa 30, awa 83 ta isa. Sai dai a Amurka kowane ringin da shirun da ke bin sa daƙiƙa 6 ne, wani modem kuma ba ya amsawa sai bayan ringi da yawa, sannan na'urorin biyu suna buƙatar 'yan daƙiƙoƙi su gaisa. Mai gaggawa zai kashe kira kafin a amsa, ya rubuta cewa ƙofa a rufe take alhali a buɗe ta kwana.

Lokacin kira shi ma yana da nasa tarko. In aka yi da rana, wayoyin ofis za su yi ta ƙara a kan teburin mutane, kuma layin da ake aiki da shi zai nuna a kame yake. In aka yi da dare kawai, za a rasa modem ɗin da ake kashewa a tashi aiki. Shi ya sa masu gadi suke raba aikin gida biyu, su sake bin layukan da ba su amsa ba, su cire lambobin agajin gaggawa daga jeri, kuma su riƙe takardar izinin mai wurin kafin kiran farko. Mai kutse kuwa dare yake zaɓa, ya hargitsa jerin lambobin don kada kamfanin waya ya lura.

Bip ɗin da ya cinye kuɗin bawan Allahn nan jikan wannan dabara ne. Ana kiran zambar wangiri, da harshen Japan, wato ringi ɗaya a kashe. An rage jiran har ba za ka iya ɗauka ba, kuma sau da yawa ana kira lokacin da kake barci, don ka farka cikin fargaba ka bi kira zuwa layi mai tsada. Maganinta shi ne kada a bi bip ɗin baƙuwar lambar da ba ta fara da +227 ko +234 ba, sai in an san mai ita.

Abin da ya fi damuna a matsayina na malami shi ne shekarun waɗancan samari na Milwaukee. Wasunsu ba su gama sakandare ba, kuma son sani ne ya ja su. Irin su suna cikin azuzuwanmu a Matameye da Kance da Damagaram, riƙe da wayoyin da suka fi kwamfutocin 1983 ƙarfi nesa ba kusa ba, ga kuma dokar yaƙi da laifukan intanet da Nijar ta kafa a 2019. Ƙwace waya ba zai kashe son sanin yaro ba. Amma duk yaron da ya tashi a gidan Bahaushe ya san ana tsayawa a zaure a yi sallama, a jira amsa, in ba a amsa ba a juya. Mu iyaye da malamai ne za mu nuna masa cewa lambar wayar wani da asusunsa na WhatsApp su ma suna da zaure.