Ƙarshen Kaka a Kwarin Shirakawa na Japan

Shirakawa kwari ne mai zurfi a tsakiyar tsaunukan lardin Gifu na ƙasar Japan, inda kogin Sho ya ratsa ya nufi arewa. Da hunturu dusar ƙanƙara takan taru a ƙasa har mita 2, a da kuma takan toshe hanyoyin shiga kwarin wata da watanni. Shi ya sa 'yan makonnin da ke tsakanin girbin shinkafa da saukar ƙanƙarar farko, daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, suka zama lokacin da kowa ke tsaye kan ƙafarsa.

Yawancin aikin kan gida yake. Gidajen kwarin na katako ne, hawa uku ko huɗu, da jinka mai tsini wadda gangarenta ya kai kusan digiri 60 don ƙanƙara ta riƙa zamewa. Ba a buga ƙusa a jikin jinkar; da igiyar ciyawa da ɗanyun rassa ake ɗaure tsaikonta, su kuwa rassan suna ƙara tamkewa idan sun bushe. Girman gidan ba ado ba ne. A zamanin Edo (1603 zuwa 1868) gonaki ba su isa su riƙe jama'a ba, sai aka koma kiwon tsutsar siliki a hawan sama, a ƙarƙashin daɓe kuma ana haɗa sinadarin albarushi. Sana'o'in nan suna cin hannu da yawa, har wasu gidaje suka tara mutum 30 ko fiye a inuwa guda.

Irin wannan jinka tana cin ciyawa ba kaɗan ba. A da, a ƙarshen kaka, idan shuci ya bushe a gangaren dutse, maza da mata sukan hau da lauje su yanka, su ɗaure dami-dami su jingina ya sha iska. Wanda ya yi sake har ƙanƙara ta kwantar da ciyawarsa, to ya yi asarar shekara. Gida ɗaya yakan yi shekaru yana tara dami kafin abin ya isa baibaya. Kafin nan ma ciyawar ba ta zama banza: a watan Nuwamba ana kewaye bangon gida da zana, don nauyin ƙanƙarar da ke zubowa daga jinka kada ya fasa ƙofofi da tagogi.

Ita baibayar, wadda yanzu ake sakewa duk shekara 20 zuwa 30, ta fi ƙarfin kowane iyali. A da, da gayya ake yin ta, wadda mutanen wurin ke kira yui. Mutum 100, wani lokaci har 200, sukan taru: wasu na miƙa dami, wasu na jerawa, wani a waje yana cusa doguwar allurar itace, na ciki yana karɓar igiya ya mayar. Ba kyauta ba ce tsagwaronta. Maigida yana rubuta sunan duk wanda ya zo a littafi, bashi ne da zai biya da ƙarfinsa ran da aka zo kan gidan wancan, ko da ɗansa ne zai biya bayan ransa.

Ibada ma a ƙarshen kaka take taruwa. A tsakiyar Oktoba ake bikin doburoku na godiyar girbi, inda ake raba giyar shinkafa mai kauri a wurin bautar Hachiman. Daga baya gidaje sukan gayyaci dangi da malamin addinin Buda don tunawa da Shinran, wanda ya kafa ɗariƙar da mutanen kwarin ke bi, a ci abincin wake da ganye ba nama.

Sai tsoron gobara, wanda dole ne a garin ciyawa da katako. Maƙwabta na karɓa-karɓar sintiri suna gargaɗi a kula da wuta. A ƙauyen Ogimachi akwai bututun feshin ruwa kusan 60, ana gwada su gaba ɗaya sau ɗaya a shekara a lokacin kaka.

Ƙarni na 20 ya kusa shafe tsarin. Madatsar ruwan Miboro, da aka kammala a 1961, ta nutsar da ƙauyuka, kasuwar siliki ta faɗi, matasa suka tafi birni, aka riƙa kwance gidaje ana sayarwa. A 1971 mutanen Ogimachi suka yi yarjejeniya cewa ba sayarwa, ba bayar da haya, ba rushewa, a 1995 kuma hukumar UNESCO ta sa ƙauyen cikin wuraren tarihi na duniya tare da ƙauyuka biyu na yankin Gokayama. Yau mafi yawan ciyawar daga yankin Gotemba, kusa da dutsen Fuji, ake sayo ta, ƙwararrun mabaibaya ne kuma ke yin galibin jinkunan da kuɗi, sai jefi-jefi ake kiran gayya.