Nauyin Kalma a Turancin Diflomasiyya

Sau da yawa akan auna ƙwarewar jami'in jakadanci da yadda Turanci ke zuba daga bakinsa. Wannan maƙala na ganin ma'aunin bai cika ba. Turancin ofisoshin jakadanci harshe ne na ƙulla alkawari, don haka abin da ya wajaba ga mai wakiltar ƙasa shi ne sanin nauyin da kowace kalma za ta ɗora wa ƙasarsa da zarar ya sa hannu.

Turanci bai daɗe da hawa wannan matsayi ba. Faransanci ne ya riƙe ragama tun ƙarni na 18, sai a Yarjejeniyar Versailles ta 1919 aka ba nassin Turanci daraja ɗaya da na Faransanci. Ladubban aikin kuwa ba su da wuyar koyo. Wakilin Nijeriya a Landan ko Akara babban kwamishina ne, domin ƙasashen duk suna cikin Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila, na Yamai kuwa jakada ne. Wasiƙar da ofishin jakadanci ke aika wa ma'aikatar harkokin waje ba ta cewa "ni" ko "kai": ofishi ne ke gaida ma'aikata, ya faɗi buƙatarsa, ya rufe da jaddada girmamawa, a buga hatimi.

Inda gizo ke saƙa shi ne teburin rubuta daftari. Ranar 22 ga Nuwamba, 1967, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda Nijeriya da Mali ke cikinsa a lokacin, ya amince da Ƙuduri na 242 baki ɗaya. Jakadan Birtaniya, Lord Caradon, shi ya gabatar da daftarin. Nassin Turanci ya nemi sojojin Isra'ila su janye daga yankunan da suka mamaye, amma ba a sa kalmar "the" kafin yankunan ba. Isra'ila ta riƙe wannan a matsayin hujjar cewa ba dukkan yankunan ake nufi ba. Ƙasashen Larabawa kuma suka dogara da nassin Faransanci da gabatarwar ƙudurin, wadda ta haramta mallakar ƙasa ta hanyar yaƙi. Fiye da shekara 50 ke nan ba a rufe wannan muhawara ba, kuma mutanen da ke zaune a waɗannan yankuna su ke ɗanɗana kuɗarta.

Misali na biyu ya faru a taron sauyin yanayi na Paris, ranar 12 ga Disamba, 2015. A sashe na 4.4 na yarjejeniyar taron, wanda ya shafi rage hayaƙi a ƙasashe masu arziki, daftarin ƙarshe ya zo da "shall", kalmar da ke wajabta abu a shari'a. Tawagar Amurka ta ƙi, domin wajabcin zai iya tilasta kai yarjejeniyar gaban Majalisar Dattawanta. Aka mayar da ita "should", wadda shawara ce kawai, aka ce kuskuren bugu ne. Da haka farilla ta koma mustahabbi.

Wani zai ce wannan shubuha ita ke ba da damar sulhu, kuma da gaskiyarsa. A Sanarwar Shanghai ta 1972, Amurka ta zaɓi kalmar da ke nuna ta san matsayin Sinawa cewa Sin ɗaya ce, ba tare da ta ce ta amince da shi ba, kuma hakan ya buɗe ƙofar hulɗa tsakanin ƙasashen biyu. Sai dai idan jimla ta ɗauki ma'ana biyu, fassarar mai ƙarfi ce ke aiki a ƙasa. Ƙasar da ba ta da rundunar da za ta tilasta fahimtarta, ba ta da garkuwa sai nassi bayyananne.

Saboda haka ya kamata makarantun horar da jami'an harkokin waje a Afirka su mayar da hankali kan karatun daftari: kwatanta nassin Turanci da na Faransanci da na Larabci layi-layi, rarrabe abin da ƙuduri ya zartar da abin da ya yi kira a yi, da sanin lokacin da ya dace a tsayar da taro saboda kalma ɗaya. Jami'in da ya iya wannan zai kare haƙƙin ƙasarsa ko da lafazinsa bai yi kama da na mutanen Landan ba.