Daga haraji zuwa kuɗin rajista: wa ke biya wa ɗan da ya girma?

1/ Jiya Baba ya turo min kuɗin rajista daga Guri. Malamin firamare ne, ana cire masa haraji tun kafin albashi ya shigo. Sai na ce, shin wannan ɗawainiyar tawa tana rage masa harajin kuwa? Ku zo mu ɗan tono tarihi.

2/ Bayan Turawa sun ci Haɗejiya a 1906, aka tsara haraji da jangali, dagatai da masu unguwa na karɓa, kuɗi su wuce baitulmalin En'e. Haraji kan kai yake, duk namijin da ya balaga ya shiga lissafi.

3/ Ku duba fa. Yaro ya kawo ƙarfi, har yanzu yana gandu ɗaya da ubansa, amma an ƙara kai guda a gidan. Girman ɗa ƙarin nauyi ne, ba rangwame ba. A fadamarmu sai a sayar da shinkafa ko busasshen kifi, wasu su tafi cin rani don su haɗo kuɗin. Tsofaffi har yau in ana hira sai sun ambaci shanya mutum a rana saboda haraji.

4/ Amma a faɗi gaskiya, daga baitulmalin nan ake gina elemantare ana biyan malamai.

5/ 1979: Abubakar Rimi ya hau gwamnan Kano a PRP, ya soke haraji da jangali. Lokacin Guri cikin jihar Kano take, Jigawa sai 1991.

6/ To, ma'aikaci fa? Dokar harajin kuɗin shiga ta 1993 ta tanadi rangwamen 'ya'ya, wanda daga baya ya tsaya a N2,500 kowane ɗa, iyaka huɗu. Ko ɗa ya wuce shekara 16 ana lissafa shi, muddin yana makaranta kuma bai yi aure ba.

7/ Kar ku ruɗe, ba N2,500 ake ba uba ba. Cire ta ake daga kuɗin da za a yi wa haraji. Duka-duka N10,000 a shekara. Mai 'ya'ya tara kuma, biyar ɗin ya san inda dare ya yi masa. Wallahi yau kuɗin ɗa ɗaya ko motar Haɗejiya zuwa Dutse da dawowa ba zai yi ba.

8/ A 2011 aka kawo rangwame dunƙulalle ga kowa, mai ɗalibi da marar shi. Sabuwar dokar da ta fara aiki Janairun 2026 ta yafe N800,000 na farko, ta ba da sauƙin kuɗin haya. Kuɗin makaranta dai shiru.

9/ A Amurka, tun 2009 iyaye na iya samun ragin har dala 2,500 a shekara, in ɗalibin yana ƙarƙashinsu.

10/ Mu tamu hanyar daban ce. A 1993 aka ɗora wa kamfanoni harajin ilimi, shi ya zama TETFund a 2011. Gine-ginen da kuke gani a FUD da SLU Kafin Hausa, da yawa daga can ne. Sai NELFUND a 2024, wanda bashi ne a wuyan ɗalibi.

11/ Na kira Baba na karanta masa duk wannan. Ya yi dariya ya ce, "To ka gama dai ka kama aiki, a fara cire naka."